Idan ka biya a tsara maka sabon kiɗa, me sunan abin da Hausa?

Daga Nima: Salamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta kunyata ni a rediyo makon jiya, na kawo ƙararta. Ana saura minti biyu mu fara shirin Hausa aka miƙo mini sanarwa da Turanci, wai wata ƙungiyar mawaƙa a nan Ankara (tamu ta Gana, ba ta Turkiyya ba) za ta yi "commission" na sabon kiɗa. Bakina ya riga tunanina, na ce za su ba da kamasho. Ba a gama shirin ba wani dattijo ya bugo waya yana tambayar kashi nawa ne cikin ɗari, kuma wane ne dillalin.

Ga abin da ake nufi. Ƙungiya ko wani mai hali ya je wurin mai tsara kiɗa ya ce yana son abin da kunne bai taɓa ji ba: muryoyin maza da mata kashi huɗu, da taron makaɗa masu goge da sarewa da ƙaho, tsawonsa minti kaza, a gama wata kaza. A yi tsada, a ba shi wani abu ya riƙe, ya je ya rubuta a takarda, kowane makaɗi da nasa rabon. In ya kawo a cika masa, su kuma su ne na farko da za su kaɗa shi a bainar jama'a. Tun 1959 ƙasar nan take da irin wannan taron makaɗa, wanda Philip Gbeho ya kafa zamanin Nkrumah, amma har yau ban ji sunan wannan ciniki da Hausa ba.

Daga Mamobi: Wa'alaikumus salam ƙanena. Mu a shagon ɗinki oda muke cewa. A kawo yadi, in yi awo, a ba ni rabi, a dawo jajibirin salla. Odar kiɗa, shi ke nan.

Daga Nima: Yaya, oda ta zo mini a rai. Amma mai odar ɗinki da hoto take zuwa a waya, ta ce irin wannan nake so. Shi kuwa mai tsara kiɗa in ka nuna masa na wani ka ce irin wannan, ka zage shi. Kuma yanzu ko shinkafa da wake oda ake yi a kawo a babur.

Daga Aboabo, Kumasi: Kwangila fa?

Daga Mamobi: Wannan warin siminti take yi.

Daga Sabon Zongo: Yara, kun bar kalma a gida kuna nema a kasuwa. Sautu. Mu dai makaɗanmu na fada ba a tsada da su. Ubangida ya ji waƙarsa, ya ba da riga ko doki gwargwadon yadda ta ratsa shi. Amma abin da kuke faɗa sautu ne. Isma'il, mai mulkin Masar, ya aika wa mai tsara kiɗa Verdi a Italiya da buƙatar sabon wasan waƙa a kan faran 150,000, aka yi Aida, aka fara nuna ta a Alƙahira a Disamba 1871. Kuɗi ya tafi, kaya ya zo. In ba sautu ba, mene ne?

Daga Asawase, Kumasi: Baba, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa. Sautu matafiyi ake ba wa. Za ka Kumasi, in ba ka kuɗi ka sayo mini goro. Goron yana nan a kasuwa tun kafin in yi magana, kuma ba kai ka shuka shi ba. A nan kuwa kayan babu su a duniya tukuna, kuma wanda ya karɓi kuɗin shi zai samar da su da hannunsa.

Ni jinga nake gani. A jinga ba a lissafin kwana ko awa. A nuna maka aikin, a yanke kuɗinsa gaba ɗaya, ka gama cikin kwana uku ko wata uku, ruwanka. Haka ake yi da mai tsara kiɗa, ba wanda ke ƙirga daren da ya kwana yana goge abin da ya rubuta. Har halin 'yan jinga yana ciki. A 1822 wata ƙungiyar makaɗa ta Landan ta yi tsada da Beethoven, mai tsara kiɗa Bajamushe, a kan fam 50. Da ya gama babban kiɗansa na tara, a Biyana ta Ostiriya aka fara kaɗa shi a Mayu 1824, mutanen Landan sai a 1825 suka ji abinsu. Duk wanda ya taɓa ba magini jinga ya san wannan ciwon.

Kuɗin da ake fara bayarwa kuma ba sai mun ƙirƙiro masa suna ba: kafin alƙalami. Nan ma ya fi dacewa da shi, tunda alƙalamin gaske za a ɗauka.

Daga Nima: Malam, kafin alƙalami na karɓa hannu biyu. Jingar ce nake jin nauyinta. Mutum ya yi shekaru yana karatun kiɗa a Jami'ar Gana da ke Legon, in hau rediyo in kira shi ɗan jinga kamar mai huɗar doya?

Daga Asawase, Kumasi: Kada ka kira shi ɗan jinga. Shi mai tsara kiɗa ne, cinikin ne sunansa jinga. "An ba shi jingar kiɗa." In da muryoyi, "jingar waƙa". Ni ma abin da ya sa nake son kalmar ke nan: tana tuna wa mutane aiki ne da ake yanke wa kuɗi tun farko. In ka ce tukuici ko kyauta, mai tsarawa zai yi wata shida yana aiki a sallame shi da "Allah ya yi albarka" da kuɗin mota.

Ka kuma gaya wa masu saurarenka wannan: a dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, in ba a rubuta akasin haka ba, haƙƙin cin moriyar aikin na wanda ya ba da jingar ne. Sunan mai tsarawa yana nan a kan aikinsa, amma in yana son kuɗin da zai riƙa shigowa daga baya, sai ya sa a rubuta kafin ya karɓi kafin alƙalami.

Daga Sabon Zongo: To. Ni dai a bakina sautu ne, amma ku ne masu rediyo.

Daga Nima: Na gode Baba, na gode Malam. Ranar Asabar zan gyara: "Ƙungiyar ta ba da jingar sabuwar waƙa, ta biya kafin alƙalami, kuma ita za ta fara rera ta."

Daga Mamobi: Ka furta ta a hankali dai, kada dattijon nan ya ji jingina ya sake bugowa ya tambayi me aka jinginar.