Goro ya rina min haƙora, haɗin lemun tsami da gawayi kuma ya bar ni da ciwo

Telan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Fagge, shekarata 16 a kan keke. Tun ina yaron shago na koyi cin goro, saboda idan azumi ya shiga goman ƙarshe kwana muke yi muna ɗinkin sallah, ba abin da ke riƙe ido sai goro da shayi mai kauri. Yanzu ya zame min jiki, a rana nakan ci ƙwaya uku ko huɗu. Haƙorana na gaba sun yi ja, na ƙasa kuwa ta ciki akwai wani baƙin abu mai tauri da ya manne a gindinsu, burushi ba ya ko motsa shi.

An sa ranar aurena bayan babbar sallah, saura wata biyu. Wani abokin aikina ya ce in daka gawayi, in zuba bekin soda, in matse lemun tsami a kai, in riƙa dirzawa safe da dare. Mako uku na yi ina haka. Da farko na ga haske, na ji daɗi. Yanzu ko ruwan leda mai sanyi na kurɓa sai in ji kamar an soka min allura, alwalar asuba ma sai da ruwan ɗumi. Launin kuma ya koma ruwan ɗorawa.

Don Allah akwai abin da ake yi a gida wanda ba ya cutarwa? Sannan na ji ana cewa wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora girgiɗi, gaskiya ne?

Dattijon Ƙofar Mata:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ajiye lemun tsamin nan tun yau. Ba ka ga ko ɗanyen mangwaro mutum ya ci sai haƙoransa su mutu ba? To ina ga wanda yake dirza tsami sau biyu kullum. Ni na haura 60 ina cin goro, abin da ya riƙe min baki shi ne asuwaki a kowace alwala, da kurkure baki da zarar na gama tauna, ba na barin tuƙar goro ta kwana a bakina. Ba zan ce maka haƙorana farare ne tas ba, amma ba ɗaya da ya fita. Allah ya sa albarka a auren.

Likitar Haƙori:

Malam tela, Allah ya sanya alheri. Baba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara maka dalili, don kusan kowane mako sai na ga mai irin matsalarka, amare sun fi yawa.

Haƙori yana da ɓawo a waje, shi ne mai farin nan da ƙyalli, kuma babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai launin ɗorawa, cike da ƙananan hanyoyi da suke kaiwa ga jijiya. Tsamin lemo yana tausasa ɓawon, gawayi kuma ya bi ya kankare shi. Hasken da ka gani a makon farko jan goron sama ne ya tafi. Da ka ci gaba, ɓawon ya yi siriri, launin na ciki ya fara bayyana, sanyi kuma ya samu hanyar zuwa jijiya. Abin da ke damuna shi ne ɓawon nan ba ya sake tsirowa. Amma ciwon yana lafawa idan ka daina yanzu. Ka samu burushi mai laushi da man goge baki na masu jin sanyi a haƙori, irin Sensodyne, ka goge a hankali sau biyu a rana, ka tofar ba tare da ka kurkure da ruwa ba. In ka sha abu mai tsami, ka jira kamar minti 30 kafin ka goge.

Baƙin abin da ke gindin haƙoranka datti ne da ya daskare ya zama kamar dutse. Ba gawayi, ba gishiri, ba kanwa, babu abin gida da zai cire shi, sai na'urar asibiti. Wankin ba ya sa girgiɗi. Dattin ne yake cinye dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙori a hankali, to idan mutum ya makara, ana cirewa sai ɓarnar da take ɓoye ta fito fili, ya ce wanki ne ya jawo. Ga mai goro da shayi da taba, wankin nan da gogewar da ake yi bayansa kaɗai sukan isa, domin rinin a sama yake.

In an wanke ka ga har yanzu kana son ƙarin haske, sai a zo maganar sinadari. Haidirojin feroksaid ne, ko ɗan'uwansa kabamaid feroksaid, yana ratsa haƙori ya kashe launin da ke ciki. Ko dai a shafa maka a kujerar likita bayan an rufe dasashi, ko a auna bakinka a yi maka roba daidai haƙoranka ka riƙa sawa a gida na kamar mako biyu. Na fi son ta biyun, ta fi sauƙi a baki. Amma kai ba yanzu ba, sai ciwon ya tafi, kuma sai an tabbatar ba rami ko ciwon dasashi. Ba ya canza launin ciko ko haƙorin roba, ba ma yi wa mai ciki ko yara, kuma in an koma wa goro launin yana dawowa.

Ka yi hattara da ruwan kwalba marar suna da ake tallatawa a Instagram da TikTok, da masu yi a shagon gyaran jiki. A ƙasashen Tarayyar Turai abin da aka yarda a sayar wa kowa bai wuce kashi 0.1 cikin 100 na sinadarin ba, har zuwa kashi 6 kuwa sai ta hannun likitan haƙori. Na ga dasashin da irin wannan ruwa ya ƙona ya yi fari fat. Tunda a Kano kake, akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma a manyan asibitocin jiha.

'Yar Tibiri:

Likita, Allah shi biya. Ina son in ƙara don masu karatu, ba kowane jan haƙori ba ne na goro. Ni a Tibiri ta jihar Maradi na tashi, ban taɓa cin goro ba, amma haƙorana da tabo ruwan ƙasa suka fito. Ruwan rijiyar burtsatsen da aka sha a garin daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000 wani sinadari da ake kira fuloraid ya yi masa yawa, ya ninka miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade fiye da sau uku. Ni da sauƙi, akwai tsararrakina da ƙafafunsu suka lanƙwashe. Ina budurwa ba abin da ban dirza ba, toka, gawayi, har garin bulo, ina kuka ina yi. Tabon yana cikin haƙorin ne tun yana haɗuwa ina ƙarama. Sai da na je Yamai lokotoro ya lulluɓe min guda huɗu na gaba da farin ciko, sannan na fara dariya ba tare da na sa hannu a baki ba. Iyaye, in kun ga yaro da irin wannan tabo kada ku ce ƙazanta ce.

Likitar Haƙori:

Haka ne 'yar'uwa, sannu da haƙuri. Muna ganin irinsa daga wajen Langtang a jihar Filato. Maganin tetirasaikilin ma yana rina haƙori ta ciki idan aka ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba.

Telan Fagge:

Na gode Baba, na gode likita, na gode Hajiya. Jiya na je aka wanke min, bai kai awa ɗaya ba. Dasashin ya ɗan yi jini, da na taɓa bayan haƙoran ƙasa da harshe sai na ji tsakaninsu a buɗe, abin da na manta yadda yake. Jan ya tafi kusan duka. An gano ƙaramin rami a turmi ɗaya, zan koma ranar Talata a cike. Maganar sinadari likitan ya ce mu bari sai bayan mako huɗu a ga yadda sanyin ya yi. Goro na dawo ƙwaya ɗaya bayan la'asar, na kuma ajiye asuwaki da gorar ruwa a gefen keke.