Yaya zan rage gishiri ba tare da miya ta yi lami ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, don Allah ku ba ni shawara.

Likita ya tabbatar maigidana yana da hawan jini, ya ce a rage masa gishiri da magi da yawan mai. Ya yi mana bayanin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma shi kansa dunƙulen magi cike yake da gishiri.

Na rage, na ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa suna karɓar daddawa sosai, da wuya a gane an rage wani abu. Inda na maƙale shi ne miyar tumatir da dafa-duka. Sai ya ɗan tsakura ya ture kwano, bayan isha'i kuma ya shigo da tsire a takarda, an barbaɗe shi da yaji mai gishiri. Abin yana damuna ƙwarai, don lafiyarsa nake ji. Tukunya biyu kullum kuwa ba zan iya ba, ga tsadar gas, yara ma sun fara ƙorafi.

Waɗanda kuka bi ta wannan hanyar, a hankali kuka riƙa ragewa har harshe ya saba, ko lokaci guda? Me kuke sa wa miyar tumatir ta yi ɗanɗano? Sannan kanwar da nake jefawa a wake, ita ma tana cikin abin da zan rage?