Tuta a Ƙofar Gida: Musayar Baituka Kan Kishin Ƙasa

Baba Dattijo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya jikata ta dawo daga makaranta da 'yar tutar takarda, wai ta bikin ranar 'yancin kan Najeriya ce. Ta yi mini tambayar da na rasa amsarta a take, har dare ya raba tana cina. Shi ne na ɗauko alƙalami. Amsa-amonmu "sa" ne, mai baiti ya ɗora.

Da sunan Allah zan fara,
Shi ne gatan manya da yara,
Ya ba mu harshe, Ya ba mu basira,
Ya ba kowa wurin da zai kira ƙasa.

Jikata ta zo da 'yar tuta,
Takarda ce, da kanta ta yanka ta,
Ta ce Kaka, ka dubi launinta,
Wa ke koya wa mutum ya so ƙasa?

Na yi shiru, na waiga baya,
Na hango babana a kan hanya,
Ya sunkuya ya ɗauke wata ƙaya,
Bai ce uffan ba, ya jefa ta nesa.

Bai taɓa tara mu don huɗuba ba,
Bai karanta kishi a littafi ba,
Amma bai taɓa cin haƙƙin wani ba,
Nan na fara karatun, tun ina wasa.

Daren da aka sauke tutar Ingila,
Muna gaban rediyo da 'yar fitila,
Na ga idon babana ya kawo ƙwalla,
Ya ce yau an ba mai gida gidansa.

Daren 30 ga Satumba ne, wayewar 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Legas wanda yau ke ɗauke da sunan Tafawa Balewa. Ina ɗan shekara 9 a lokacin. Jawaban duk sun ɓace mini, ƙwallar nan ce kaɗai ban manta ba.

Goggo

Wa alaikumus salam, Yaya. Kai rediyo ka tuna, ni taken ƙasa ne ya shigo mini gida. Mu da muka yi firamare kafin 1978 tsohon take muka haddace, 'ya'yanmu suka tashi da wani, sai ga shi a watan Mayun 2024 an mai da jikoki kan namu.

Yaya ka sosa mini wurin ƙaiƙayi,
Na tuno mu a makaranta cikin layi,
Hannu a gefe, safiya da sanyi,
Muna rera take, murya na tashi bisa.

Shekara 46 yana kwance,
Na ɗauka tuni ma na mance,
Jikana ya ɗauko, tsakiya ya rikice,
Sai ga bakina yana ƙarasa masa.

Uban yaron na tsaye yana kallo,
Ba wannan ne ya koya ba a allo,
Ya ajiye waya, ya bar hirar ƙwallo,
Ya zauna ɗaukar darasi gun ɗansa.

Abin da idona ya gani zan shaida,
Zuriya uku kan tabarma guda,
Tsohuwa da yaro su ne malaman gida,
Rabon da mu zauna haka an yi nisa.

Masu cewa canjin take ba shi ne damuwar talaka ba, ban musa musu ba, gaskiyarsu ce. Ni dai abin da ya faru a ɗakina na faɗa.

Auta

Baba, Goggo, ina gaisuwa. Ku gafarce ni, ba rashin kunya ba ne, amma in na ce ina jin abin da kuke ji na yi ƙarya.

Baba ku yi haƙuri, nawa da ɗaci,
Ku kun ga daren da aka karɓi 'yanci,
Ni na buɗe ido cikin talauci,
Me zan yi wa murna, wace riga zan sa?

Na yi karatu har na gama,
Na yi bautar ƙasa ba gardama,
Shekara huɗu ke nan ina fama,
Duk ƙofar da na buga ba a amsa.

Ran biki sai jawabi da fareti,
Manya a rumfa, mu a titi,
A kulle alkawari cikin akwati,
Gobe a koma cinikin siyasa.

Ƙanena ya ce in ɗaura masa tuta,
Hannu ya ɗaura, ban da zuciyata,
Ku gaya mini, don ita ce tambayata,
Ana son uwar da ta yar da ɗa a ƙasa?

Maƙwabci daga Nijar

Ƙanena, na ji ka, kuma ba ka yi ƙarya ba. Mu tamu ranar 3 ga Agusta ce, ita ma 1960, kusan wata biyu kafin taku, Diori Hamani ne shugabanmu na farko. Bayan farin da ya ƙone Sahel a farkon shekarun 1970, sai aka haɗa ranar da dashen itace tun daga 1975. To ka ji yadda ni na san ta.

Ƙanena kukanka ya iso kunne,
Wanda bai ji shi ba kurma ne,
Amma ka sani mai mulki baƙo ne,
Zai ɗaure kayansa ya tafi ya bar ƙasa.

Ran 3 ga Agusta tun da safe,
Babanmu kan saɓa dagi na ƙarfe,
Mu yara na biye a gefe-gefe,
Kowa da ɗan iccen da zai dasa.

Nawa na dasa ina shekara bakwai,
Ɗan tsiro ne mai ganye biyu kawai,
Ruwa na wuya, amma nasa akwai,
Ko a rage na wanka sai an zuba masa.

An yi juyin mulki, an yi zaɓe,
An naɗa wasu, wasu an tuɓe,
Saiwar iccen na can a laɓe,
Shi dai tsawo yake ƙarawa bisa.

Yau inuwarsa ta rufe ƙofa,
Tsofaffi na zama su miƙe ƙafa,
Matafiyi kan tsaya ya share zufa,
Ba ya tambayar mai iccen ko sunansa.

Babanmu ya rasu shekarun baya. Duk ranar 3 ga Agusta nakan kai 'ya'yana ƙarƙashin iccen nan kafin mu je dasa nasu, kuma a nan ne suke jin labarin kakansu.

Malama

Auta, ɗan'uwana, ni da ƙwar biyu na saba, wato baiti mai layi biyu, a yi mini uzuri. Baitinka na tuta ne ya tsaya mini a rai, don duk shekara ina ba 'yan ajina tarihinta.

Auta, tutar da ka ɗaura wa ƙanenka,
Ba mai mulki ya zana ba, ɗalibi ne da alƙalaminsa.

Taiwo Akinkunmi, yana karatu a Landan,
Ya ga sanarwa a jarida, ya shiga gasa.

Kore biyu ya sa saboda noma da albarkar ƙasa,
Fari a tsakiya, zaman lafiya ke nan a nufinsa.

Har jar rana ya zana a kan farin,
Alƙalai suka cire ta, suka karɓi sauran aikinsa.

Ta Ghana kuwa hannun mace ne,
Theodosia Okoh, malama irina, baƙin tauraro ta sa.

A 1959 Akinkunmi ya yi zanen, yana ɗan shekara 23, wataƙila ma ka girme shi a lokacin. Ita kuwa ta Ghana an ɗaga ta ne ranar 6 ga Maris 1957. Batun manya a rumfa mu a titi, ka yi gaskiya, kuma ba dole ne biki ya zama haka ba.

A Turkiyya yara aka ba ranar,
Yaro ya hau kujerar minista, a saurari bakinsa.

A Norway ba tankar yaƙi ke gaba ba,
'Yan makaranta ne, sarki na ɗaga musu hannunsa.

A Tanzaniya shugaba ya taɓa soke fareti,
Ya fita titi kwasar shara da kansa.

Ta Turkiyya 23 ga Afrilu ce, ranar da majalisarsu ta fara zama a Ankara a 1920. Ta Norway 17 ga Mayu, ranar tsarin mulkinsu na 1814. Na Tanzaniya kuwa John Magufuli ne a 2015, ana fama da kwalara, ya ce ranar 9 ga Disamba kowa ya fito tsaftace gari. Ni a ajina aikin gida ɗaya nake bayarwa a makon biki:

Kowa ya je gun tsohon da ke gidansu,
Ya zauna ya ji labarin ƙuruciyarsa.

Wata ta dawo da labarin kakanta soja,
Ya tafi yaƙin basasa, hula aka kawo wa matarsa.

Ta ce ba ta taɓa sanin haka ba sai ranar,
Kullum tana wuce hoton, ba ta san sunansa.

Yaƙin 1967 zuwa 1970 take nufi. Da ta gama karantawa ajin ya yi tsit, ni ma sai da na juya na fuskanci allo.

Matafiyi

Baba, Goggo, Malama, a gaishe ku. Ni nawa gajere ne, daga wata uwa duniya.

Ina zaune a ƙasar wasu,
Na ga yadda suke ji da ranarsu,
Tuta a taga, yara a wuyan iyayensu,
Sai kewa ta kama ni daga nesa.

'Yata ta ce Baba mu 'yan ina ne,
Na ɗauko taswira na ce nan ne,
Ta ce to me ya sa muke nan zaune,
Har yau ina juya yadda zan amsa.

Na daina zagin ƙasata a gabanta,
Laifin masu laifi nakan faɗa mata,
Amma ina tsoron ta tsani asalinta,
Tun ba ta taka ba ta ce ta fasa.

Auta

Yaya na Nijar, maganar baƙo ta zauna mini. Malama, ban san ɗalibi ne ya zana ta ba, wallahi sai yau. Amma ban sauko duka ba.

Yaya na ji, mai mulki baƙo ne,
Amma baƙon nan mai dogon hannu ne,
In na yi shiru, ni ma abokin ɓarna ne,
Fushin nan nawa reshe ne na son ƙasa.

Da ba na so da tuni na share,
In ce kowa tasa ta fisshe shi, in ƙyale, in ware,
Ciwon ne ke hana ni barci da dare,
Ba ka jin zafin gidan da ba ka cikinsa.

Baba Dattijo

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Wannan baitin naka na ƙarshe ya fi duk waɗanda na fara da su.

Ɗana na karɓi fushinka,
Mai kukan gida ɗan gida ne ba shakka,
Faɗi gaskiya da ƙarfin muryarka,
Ran zaɓe ka fito, kar ka ƙosa.

Mu da muka ga daren 'yanci,
Akwai namu kason na sakaci,
An yi ɓarna gabanmu muna barci,
Ku yafe mana abin da muka kasa.

Abu guda nake roƙo, ka saurara,
Ƙanen nan naka kai yake lura,
Yadda ka bi layi, inda ka zub da shara,
Shi yake tsinta yana sa wa aljihunsa.

Ni ƙaya na gani a hannun babana,
Ita nake ɗauka har tsufana,
Jikata ta gani jiya da rana,
Ta riga ni sunkuyawa ta kai hannu ƙasa.

Goggo

Amin, Yaya. Auta, Allah Ya buɗa maka ƙofar da ta fi alheri, muna sa ka a addu'a.

Auta

Na gode Goggo, na gode Baba. Yaya na Nijar, tambaya gare ka:

Ƙanena na so mu dasa icce,
Ran 1 ga Oktoba ya ce,
Amma damina na shirin wucewa ta ɓace,
Zai kama kuwa, ko wahala za mu sa?

Maƙwabci daga Nijar

Zai kama, in kun ɗauke masa nauyin da sama ta sauke. Mu a Agusta ruwan sama ke taya mu, ku a Oktoba hannunku ne daminarsa.

Ku nemi dogon yaro, yana jure fari,
Ku haƙa rami kamu guda, ban da garari,
Ku cire ledar, ƙasar saiwa a bar ta a tsari,
Ku zuba taki kaɗan ku rufe bakinsa.

Ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki,
Ruwa safe da yamma, ban da tsallake-tsallaki,
Har wata damina ta zo ta karɓi aiki,
Kuma bokitin, ƙanen za ka bar wa, ya zama nasa.

Auta

To Yaya. Na gaya masa, har ya tafi neman bokiti.