Muhawara: Bashi ne ya hana shi aikin, ko "na manta"?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Wani kamfani mai kwangila da gwamnati a nan Amurka ya ɗauke ni aikin kwamfuta, da sharaɗin sai na tsallake tantancewar tsaro, wato binciken da ake yi kafin a bar mutum ya taɓa takardun sirri. Na cike fom ɗin nan nasu mai tsawon tsiya, aka ɗauki zanen yatsuna, aka bi wuraren da na yi aiki a baya ana tambaya, wata da watanni ina jira. Sai ga takarda wai suna da niyyar hana ni. Dalili? Wani ɗan bashin kati da ya kwana a kaina lokacin da na rasa aiki, wanda na manta ban rubuta ba. Ban taɓa kwana a hannun 'yan sanda ba, ko sigari ba na sha. Ni dai na gane, wannan tantancewa an ƙirƙiro ta ne don a kakkaɓe talaka a bar 'ya'yan masu hali. Duk wanda ya ce ba haka ba ne, bai san wahala ba.

Bawan Allah: Wa alaikumus salam. Allah Ya musanya maka da mafi alheri.

Sarkin Musu: "Na manta" ka ce? Ƙanena, tsaya mu gane. Tambayar da ke fom ɗin ba ta kowane bashi ba ce. Cewa take yi: cikin shekara 7 da suka wuce, akwai bashin da ka haura kwana 120 ba ka biya ba, ko wanda aka miƙa wa masu bin bashi? Bashin da ya kai nan an yi ta aiko maka da wasiƙa, an yi ta bugo waya har ka daina ɗauka. Wannan ne za a manta?

Uwar Biyu: To ga shi nan. Mutum ya zo da kukansa, maimakon a ce masa sannu an fara yi masa tambayar alƙali. Kai ba ka taɓa mantuwa ba?

Sarkin Musu: Ina mantuwa, Hajiya, amma ban taɓa manta wanda yake bi na kuɗi ba. Ko ni na manta, shi ba zai bari ba.

Uwar Biyu: Wato dai ka kira shi maƙaryaci.

Sarkin Musu: Ke kika faɗa. Ni cewa na yi wanda ya sa hannu a ƙasan takarda ya rantse duk abin da ke ciki gaskiya ne, alhali akwai gurbin da ya tsallake, sai ya yi wa kansa suna.

Ɗan Auta: Yaya, ka san fom ɗin kuwa? Shafi sama da ɗari ne. Duk gidan da ka zauna cikin shekara 10, da sunan wanda zai shaide ka a waɗanda ka zauna cikin shekara 3 na ƙarshe. Duk aikin da ka yi cikin shekara 10. Duk ƙasar da ka taka cikin shekara 7. Ranar haihuwar surukanka ma sai ka kawo. Kan mutum ba ya ɗaukar zafi?

Sarkin Musu: Ka tuna ranar haihuwar surukarka amma ka manta bashi. Madalla.

Tsohon Ma'aikaci: Ku dakata haka nan, kuna faɗa a kan kalma shi kuma lokaci na ƙure masa. Ɗana, abin da ka samu ba hukuncin ƙarshe ba ne, takardar dalilai ce, kuma tana da wa'adin amsa. Ga 'yan kwangilar ɓangaren tsaro kwana 20 ne daga ranar da ta shiga hannunka, kuma kana iya neman a saurare ka gaban alƙalin hukuma. In ka yi shiru an rufe, sai bayan shekara guda a sake nema maka.

Batun talauci kuma, ba haka abin yake ba. Ƙa'idojin da ake auna mutum da su 13 ne, waɗanda aka sabunta a 2017: biyayya ga ƙasa, tasirin wata ƙasa a kanka, kuɗi, giya, ƙwaya, laifi, halin mutum, yadda kake riƙe bayanan sirri, da sauransu. Babu inda aka tambayi nawa ubanka ya tara. Mai ƙaramin albashi da ke biyan abin da ke kansa a kan kari ya fi mai babban albashi da caca ta cinye samun sauƙi. Har ma a rubuce yake cewa in bashin ya samo asali daga abin da ya fi ƙarfinka, kamar rasa aiki ko rashin lafiya ko mutuwar aure, kuma ka nuna ka tashi tsaye wajen biya, ana sassautawa. Da ka rubuta bashin ka ce ga dalili, ga rasit, da wataƙila ba mu nan. Yanzu matsala biyu gare ka: ta kuɗi, da ta rashin faɗa. Ta biyun ta fi nauyi, domin su da kansu suna zaro rahoton bashinka. Ba don ba su sani ba suke tambaya.

Uwar Biyu: Baba, in sun riga sun sani, me ya sa suke tambaya? Wannan ai tarko ne.

Tsohon Ma'aikaci: Gwaji ne, 'yata. Suna so su ga ko za ka faɗi abin da kake jin kunyarsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda yake da abin ɓoyewa, duk ɗan leƙen asirin da ya gano shi ya samu igiyar jansa. Wanda ya riga ya faɗa, me za a tsorata shi da shi?

Sarkin Musu: Alhamdu lillahi. Baba ya ce "ɓoyewa". A rubuta.

Tsohon Ma'aikaci: Kada ka sa mini magana a baki. Dokar tana bambanta wanda ya ɓoye da gangan da wanda ya yi kuskure. Ƙarya da gangan a fom ɗin laifi ne da kan kai ɗaurin shekara 5, kuskure kuwa ana iya kare shi. Wanne ne nasa, shi da Allah suka sani.

Uwar Biyu: To ka ji. Baba ya ce "kuskure". Wannan ma a rubuta.

Mai Shayin Dare: Ni fa duk ban yarda bashin ne ba. Sunansa suka gani. Na ji an ce yawancin masu irin sunayenmu ba sa wucewa.

Injiniya: Wa ya ce?

Mai Shayin Dare: Kowa ya sani.

Injiniya: Kowa ba mutum ba ne. Abin da na sani shi ne dangi a ƙasar waje ana dubawa sosai: su wane ne, suna aiki da wata gwamnati, kana aika musu kuɗi, kana da gida ko asusu a can. Amma ba ya hana mutum kai tsaye, haka ma riƙe fasfo biyu. A Birtaniya ma tsawon zama suke kallo, galibi shekara 5 ga matsakaicin mataki, 10 ga mafi tsanani, don ba za su iya binciken rayuwar da aka yi inda hannunsu bai kai ba. Takardar ɗan'uwanmu kuma ba ta ambaci dangi ba, bashi ta ce. Masu ganin maganar kuɗi raini ce su karanta labarin Aldrich Ames. Jami'in CIA ne, bashi ya yi masa katutu wajen rabuwa da matarsa, a 1985 ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyat sunayen mutane. Aƙalla 10 aka kashe a dalilinsa. Daga baya ya sayi gidan dala 540,000 kuɗi hannu, albashinsa bai kai 70,000 a shekara ba. Sai 1994 aka kama shi.

Ɗan Gwagwarmaya: Na gode, Injiniya, ka kawo mini hujja da hannunka. Ames ya wuce tantancewa ko bai wuce ba? Sau biyu ya tsallake na'urar gano ƙarya yana tsaka da cin amana. Robert Hanssen na FBI ya yi shekaru yana yi kafin a cafke shi a 2001. Wanda ya harbe mutum 12 a sansanin sojan ruwa na Washington a 2013 da izinin tantancewarsa a hannu. Yaron nan Jack Teixeira, ɗan shekara 21, ya riƙa zuba takardun sirri a manhajar hira ta Discord har aka kama shi a 2023. Manyan ɓarayi suna wucewa, sai mai bashin kati ake tarewa a ƙofa.

Injiniya: Waɗanda suka zille kake ƙirgawa. Waɗanda aka tare fa, kana da lissafinsu?

Ɗan Gwagwarmaya: Kai kana da shi?

Injiniya: Ba ni da shi, shi ya sa ban yanke hukunci ba.

Ɗan Gwagwarmaya: Sannan su masu neman a ba su amanar sirrin rayuwa, sun riƙe? A 2015 aka gano an kutsa kwamfutocin OPM, ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin tarayya, an kwashe bayanan mutum miliyan 21.5, irin fom ɗin nan da ake cewa ka rubuta bashinka da ciwonka da danginka. Shi ya sa nake cewa Edward Snowden, ɗan kwangilar nan da ya fallasa sirrin hukumar leƙen asirin Amurka, gwarzo ne.

Sarkin Musu: Gwarzo? Wanda aka damƙa wa amana ya kwashe ya gudu Hong Kong, ya ƙare a Mosko, har Rasha ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022?

Ɗan Gwagwarmaya: Wanda ya tona cewa ana tattara bayanan wayar jama'a ba da saninsu ba, har kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2015 doka ba ta ba da wannan dama ba. In ba don shi ba wa zai sani?

Mai Zaure: Gaskiya a nan ina tare da Ɗan Gwagwarmaya.

Sarkin Musu: Dama yaushe ka taɓa rabuwa da shi? Ranar da ya zage ni kan maganar ƙwallo, saƙona ka goge ka bar nasa.

Mai Zaure: Wannan tsohon zance ne.

Sarkin Musu: Tsoho ne amma ban manta ba. Ni ba na mantuwa.

Uwar Biyu: Ka ga ka sake yi masa habaici. Wallahi ba ka da tausayi.

Ɗan Gwagwarmaya: Rabu da shi, Hajiya. Yaro ne, bai san duniya ba.

Sarkin Musu: Wa kake kira yaro? Ina aiki kana makarantar firamare.

Ɗan Gwagwarmaya: Girma ba a shekaru yake ba.

Bawan Allah: Jama'a, a ji tsoron Allah.

Baƙuwa: Don Allah tambaya gare ni, ba faɗa na zo ba. Ƙanena zai cike irin wannan fom. Ya taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ya taɓa shan wiwi a jihar da aka halatta ta. Ya rubuta?

Tsohon Ma'aikaci: Allah Ya jiƙan mahaifinku. Ganin likita don damuwa ba ya hana mutum, fom ɗin da kansa ya faɗi haka, ya amsa daidai abin da aka tambaya kawai. Wiwi kuwa ko jiha ta halatta, tantancewar ta gwamnatin tarayya ce, kuma fom ɗin yana tambayar shekara 7 baya. Ya rubuta, ya faɗi yaushe ya daina. Za a tambayi abokansa, kuma abokai suna ambatar wasu abokan da bai sa a takarda ba.

Mai Shayin Dare: Kada ya rubuta! Wani na sani ya rubuta aka hana shi.

Injiniya: Wane ne? Me takardarsa ta ce?

Mai Shayin Dare: Ba zan tona asirin mutane a nan ba.

Ɗan Auta: Ni fa da na fara maganar nan, talaka nake magana a kai. Yanzu an koma Rasha. Ina tunanin kotu zan kai su.

Tsohon Ma'aikaci: Kotu ba za ta yi maka abin da kake so ba. Tun 1988, a shari'ar Egan, Kotun Ƙoli ta ce babu mai haƙƙin a ba shi wannan izini, kuma in an yi kuskure gara a yi shi ta ɓangaren hanawa. Hanyarka ita ce amsa takardar. Nemi masu bashin ku yi yarjejeniyar biya a rubuce, haɗa shaidar lokacin da ka rasa aiki, ka bayyana yadda aka yi gurbin ya zama fanko ba tare da kwana-kwana ba. In da hali ka samu lauyan da ya san harkar.

Ɗan Gwagwarmaya: "In da hali." Kun ji? Lauya kyauta ne? Mun dawo kan talaka ke nan.

Sarkin Musu: Ba mu dawo ko'ina ba. Har yanzu bai gaya mana wasiƙa nawa masu bashin suka aiko masa ba.

Uwar Biyu: Kuma ba zai gaya maka ba. Kai wane ne?

Mai Zaure: To, ya isa. Zan taƙaita in rufe. Ɗan'uwanmu ya kawo kukan zaluncin da aka yi masa kan mantuwar da kowane ɗan Adam yake yi. Mafi yawan jama'a sun amince cewa tantancewar ba ta kama masu laifi na gaske, kamar yadda Ɗan Gwagwarmaya ya tabbatar da hujjoji masu ƙarfi tun daga Ames har Teixeira, kuma babu wanda ya iya ba shi amsa. An kuma fahimci cewa Snowden ya yi wa duniya aiki. Baba Tsohon Ma'aikaci ya yi dogon bayani kan ƙa'idoji, muna godiya, ko da yake shi ma a ƙarshe ya yarda sai mai kuɗin lauya ke tsira. Abin takaici, wani ya ɓata mana lokaci yana cin mutuncin wanda ke cikin jarrabawa, ba sai na kama suna ba. Wanda ya sake tayar da maganar ƙwallo zan cire shi.

Injiniya: "Mafi yawan jama'a" su wa? Na ƙirga, ku uku ne, har da kai.

Tsohon Ma'aikaci: Ni ban ce sai mai kuɗin lauya ke tsira ba.

Sarkin Musu: Cire ni. Amma ka dawo da saƙona na ranar nan tukuna.