Wace kalma za mu sa wa "call shot" a wasan sunuka?

Mai horar da 'yan wasa:
Salamu alaikum jama'a. Ana neman kalmar Hausa ta abin da Turawa ke cewa "call shot" a sunuka irin ta Amurka, mai ƙwallaye 15 da fara guda. A dokar WPA, hukumar wasan ta duniya, kafin ka buga sai ka faɗi ƙwallon da kake nufi da ramin da za ta shiga. Haka ake yi a wasan ƙwallo 8 da na ƙwallo 10. A ƙwallo 9 babu wannan: muddin ka fara taɓa ƙwallon da ta fi ƙarancin lamba, duk wadda ta faɗa rami an ƙirga maka. Wasu na cewa "kiran rami", wasu "faɗin rami".

Alƙalin gasa:
Wa alaikumus salam Malam. "Kiran rami" bai zauna ba, abin da zai amsa ake kira. "Faɗin rami" kuwa, in aka rubuta, mai karatu zai ɗauka girman bakin ramin ake nufi. Ni na fi son "ayyana bugu". Ayyanawa ita ce ka ware abu guda ka tabbatar da shi a gaban mutane, abin da dokar ke nema ke nan.

Mai gidan sunuka:
Ranka ya daɗe, tsorona ɗaya. Rabin rigimar teburi daga nan take: wani ya ce ƙwallonka ta goge robar gefe ko ta taɓa wata kafin ta faɗa, kuma ba ka faɗa ba. In muka ce "bugu", za su ɗauka sai an zayyana hanyar duka. Me zai hana "ayyana rami"?

Alƙalin gasa:
Da gaskiyarka Alhaji, amma a rubuta shi a fili cikin dokar: ƙwallo ɗaya, rami ɗaya, shi ke nan. Robar da ta daka da ƙwallayen da ta taɓa a hanya ba a ƙirga su. Bugun da ke a bayyane ba sai an faɗa ba, haka bugun farko na tarwatsa ƙwallaye. Amma in za ka mayar da ita daga roba, ko ka tura wata da wata, buɗe baki ka faɗa, nuni da kan sanda kaɗai shi ke jawo musu. Abin da ya sa "rami" bai isa ba: ɗan wasa na iya ayyana kariya, wato ba ya neman rami, bayan bugun, sanda ta koma hannun abokin karawa. Wannan ma ayyanawa ce.

Hukuncin kuma ya bambanta. A ƙwallo 8, in ta shiga ramin da ba a ayyana ba, tana nan a ciki amma ka rasa hannu. In baƙar ƙwallon mai lamba 8 ce ta yi haka, ka faɗi zagayen. A ƙwallo 10, abokin karawa ne ke da zaɓi: ya buga daga inda suke, ko ya mayar maka.

Mai horar da 'yan wasa:
To mun tsaya kan "ayyana bugu" da "ayyana kariya". Wadda ta faɗa ba da nufi ba a ce "gamon katar", kuma mai bugun ne ya kamata ya fara faɗa ya koma kujerarsa, ba sai an tsare shi ba. Wanda bai gane ba yana da damar cewa "ayyana", amma tun mai bugu bai sunkuya ba. In ya bari sai an fara jan sanda, ya zama ɗauke hankali, alƙali na iya yi masa gargaɗi ko ya ƙwace masa zagayen.