Neman kalma: me za mu kira cire madaciya ta laparoskopi?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Ranar Alhamis za mu naɗi shiri kan cire madaciya da kyamara, har yanzu ban sami sunan da zan faɗa a rediyo ba. Masu kiran waya "aikin leza" suke cewa. A taimaka.

Dakta, Shika: Wa alaikumus salam Hajiya. A bar maganar leza, ba da ita ake yi ba. Huji huɗu ne, milimita 5 zuwa 10, ɗaya a cibiya inda kyamara ke shiga. A hura iskar kabon ciki ya ɗaga, a matse bututun madaciya da jijiyar jininta da kilif, a yanke, a ɓamɓaro ta daga jikin hanta, a zaro ta. Ni dai "tiyatar huji".

Malamin Hausa, Kongo: Tiyata aro ce, alhali muna da fiɗa. "Fiɗar leƙe" ta fi, tunda leƙawa likita yake yi.

Sista, Tudun Wada: Allah gafarta Malam, ka ce wa tsohuwa za a yi mata fiɗa, rago a hannun mahauci take hangowa. "Leƙe" kuma sai a ɗauka dubawa ce kawai, a raina aikin. Gaskiya ne ana sallama ranar ko washegari, a koma harka cikin mako biyu. Ciwon kafaɗar dama na kwana ɗaya ko biyu sauran iskar ce, yana wucewa. Amma zazzaɓi, kumburin ciki, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu? Ko ruwan madaciya na yoyo, ko tsakuwar madaciya ta maƙale a babban bututu mai kai ruwan zuwa hanji, ko an ji wa bututun rauni. A dawo asibiti a ranar, kada a tsaya shan jiƙon ciwon shawara.

Ɗan Samaru: Ni ma'anar madaciyar ce ta dame ni. Matsarmama muka taso muna ji.

Malamin Hausa, Kongo: Duk Hausa ne. Abin da ke ci mini rai shi ne kullum sai an jira Kano ta yanke mana kalma, kamar Zazzau ba ta da malamai.

Dakta, Shika: Malam, mu dawo kan majinyaci. Kowane suna aka zaɓa, Hajiya ki faɗi wannan: idan kumburi ya manne komai har ba a rarrabe bututun, ko jini ya ƙi tsayawa, ana buɗe ciki nan take. Kare rai ne, kuma ana sanar da majinyaci kafin ya sa hannu. Masu sikila kuwa, da tsakuwar ta fi yawa a cikinsu, sai an shirya su da ƙarin ruwa, wani lokaci har da jini.

Mai Shirin Lafiya: To "tiyatar huji", in ƙara "da kyamara" a farkon ambato. Madaciya da matsarmama zan faɗi duka biyun.

Malamin Hausa, Kongo: Ki tafi da ita tunda lokaci ya ƙure, amma ban sauka daga fiɗa ba. Kuma "babban bututu" ɗin nan da Sista ta ambata, har yanzu ba shi da suna.