Zanen Goya na matar da ta durƙusa wa itace, zagin addini ne ko me?

Maman_Hanan:
Salam 'yan uwa. Ƙanina dake karatun zane ne ya turo min wani hoto, wata budurwa ce ta durƙusa ta haɗa hannu tana roƙo gaban wani dogon abu mai rigar limaman coci, amma da na duba da kyau ashe ba mutum a ciki, itace ne aka lulluɓe da riga, rassan sun ɗago sama kamar hannaye. Yace wai Goya ne ɗan Sifen ya zana. Abin ya tsaya min a rai wlh. Addinin yake zagi ne ko limaman?

Ɗan_Zazzau:
Wslm Maman Hanan. Wannan na 52 ne cikin zane 80 da ya fitar a Madrid a 1799, ana kiransu Los Caprichos, kuma abin da ya rubuta a ƙasansa shi ne dubi abin da tela ke iya yi. Wato riga ce kawai ake durƙusa wa. Na 53 ma aku ne ke wa'azi, limamai kuma sun zauna baki buɗe suna saurare, a na 79 limaman ne suka ɓuya suna kwankwaɗar giya suna cewa ba wanda ya gan mu. Ni dai ban ga zagin addini a nan ba, mutumin da ya sha yi wa coci-coci zane da hannunsa. Kuma lokacin fa kotun cocin nan mai binciken aƙida, Inquisition, tana nan da ranta sai 1834 aka rushe ta, shi yasa bai daɗe da sa su a kasuwa ba ya janye, a 1803 ya miƙa wa sarkin Sifen Carlos na 4 farantan ƙarfen da ake buga zanen da su, aka yanka wa ɗansa fansho.

Abu_Sumayya:
Ni kam ina tsoron irin wannan. Yaro in ya saba yi wa mai rawani dariya ba ya tsayawa bambance na gari da na banza, duka zai haɗa ya raina, muna gani a Facebook kullum. Gyara daban, tozartawa daban.

Hajjo:
Malam Abu Sumayya na fahimce ka, amma ita wannan baiwar Allah da ke ƙasa ita nake ji, ba fa da wasa ta durƙusa ba, da zuciya ɗaya ta zo da damuwarta kuma ba wanda zai amsa mata a cikin rigar. Wa ya cuce ta, mai zanen ko wanda ya sa wa itacen riga? Mu ma ai da azumi yara na tashen ka yi rawa kai malam, da gemun auduga da allo, malam na ta musun bai yi ba, a ƙofar gidan malamai ma ana yi, a ba su sadaka su ƙara gaba.

Maman_Hanan:
Na gode sosai. Ɗan Zazzau don Allah in kana da na akun nan ka sako mana shi a nan mu gani.